Shuɗɗan Ganguna a Koren Kwando

Ƙarfen huda ganguna ne ya fara ɓacewa. Da safe Makiesse ta je inda ta saba rataye shi, bayan ƙofar ɗakin fenti, ta tarar da ƙusa ita kaɗai. Gudumar ma babu. Ta leƙa ƙarƙashin benci, ta kwashe tsummokin da ke cikin bokiti, sannan ta tambayi mai kula da sito. Ya ce shi dai bai gani ba. Yana faɗa yana kallon igiyar takalminsa. A nan ta gane ƙarfen ba ɓata ya yi ba, ɗauke shi aka yi.

Ranar jirgin kaya ce. Tun da sassafe ya iso daga garin Soyo, ya tsaya a gindin dandamalin haƙar man yana lilo a kan ruwa, ana ta ɗebo abinci da bututu daga cikinsa. Idan an gama sai a loda masa shara ya koma da ita tudu. Sharar kuwa ta Makiesse ce. Duk abin da mutanen wannan tsibirin ƙarfe suka yar sai ya bi ta gaban idonta: ƙarfe da kwandonsa, kwali da nasa, tsummokin mai da batura da gwangwanayen fenti a jan kwando, robar da ba ta taɓa guba ba a kore. Kwandunan na ƙarfe ne, kowanne ya kusa ƙaramin ɗaki. Karatun da ta yi a jami'a a Luanda shi ya kawo ta nan, mazan kuma tun makonta na farko suka raɗa mata Uwar Shara. Ba ta taɓa tankawa ba. Ita dama ba mai magana ba ce. A ɗakin cin abinci kujerar lungu take nema, ta ci tuwon rogonta tana kallon mutane.

Ta sauka farfajiyar kaya. Koren kwandon an riga an lulluɓe shi da tamfol an ɗaure da raga, alhali ita ba ta ce a ɗaure ba. Ta kwance kusurwa ɗaya. A sama gorunan ruwa ne na roba, an mammatse su yadda take so, an jera su kamar za a kai kasuwa. Ta tura hannu ƙasa, ta ji santsin abin da ta yi zato. Shuɗɗan ganguna ne, manya, irin waɗanda ake kawo maganin bututu a ciki, maganin da ake zubawa don ya kashe duk wani abu mai rai da zai tsiro a cikin ƙarfe. An kankare takardar jikinsu mai hoton ƙoƙon kan mutum. An wanke su har suna ƙyalli. Babu wadda aka huda.

Ta karkata ta kusa da ita. A gindinta an zana tauraro da farin fenti. Ta gaba, kifi. Ta gaba da ita, gicciye da ɗigo biyu.

Duk wanda ya tashi a Soyo ba ya bukatar a fassara masa. Famfon unguwarsu Makiesse ya bushe tun kafin ta shiga firamare, motar ruwa kuma sai ran da ta ga dama take zuwa. Ran da ta zo, gidan da ke da ganga shi ke shan ruwa har ƙarshen mako. Gidan da babu, mata su yi ta jido da daro daga nesa. Gangunan shago kuma ba su da ƙwari, rani ɗaya suke tsagewa. Don haka idan maganin cikin ganga ya ƙare a dandamali, sai wanda layi ya zo kansa ya wanke ta, ya sa alamar gidansa a gindi, a binne ta a koren kwando. A can tudu, a filin da ake sauke shara, akwai mai gadi surukin wani, shi zai ware masu alama ya jingine bayan katanga, da yamma mata su zo da baro. Doka kuwa ta ce duk gangar da ta taɓa ɗaukar wannan magani a huda ta gindi da ciki, a jefa a jan kwando, a kai inda za a ƙone ta. Mutumin da ya riƙe aikin kafin Makiesse yakan huda tsofaffin da suka riga suka tsage, in an zo ɗaure koren kwando kuma sai ya tuna yana da aiki a sama.

Ta murɗe murfin ɗaya ta kai hancinta. Ƙamshin omo ne ya fara bugunta. A ƙarƙashinsa akwai wani abu mai yaji da ya hau mata har ido.

"Injiniya, an tashi lafiya?"

Kota Mavungo ne, shugaban ma'aikatan farfajiya, gajere mai faɗin ƙirji, gashin bakinsa ya yi fari. Layinsu ɗaya a Soyo. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar mahaifinta, kuma lokacin da ta fara zuwa, warin mai yana tayar mata da zuciya, shi ya riƙa kawo mata citta a aljihu. Bayansa samarinsa ne, sun tsaya da igiyoyin ɗaure kaya a kafaɗa.

"Lafiya lau, Kota. Wa ya ɗaure kwandon nan?"

"Yara ne. Na ce su rage miki aiki."

"Ƙarfena fa?"

"Wane ƙarfe? Teku ce nan, 'yata. Abu yakan faɗa ruwa."

"Har da gudumar?"

"Wataƙila bin sa ta yi ta ceto shi."

Samarin suka kwashe da dariya. Makiesse ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta kalli tamfol ɗin, don ta fi iya magana in ba ta kallon fuskar mutum.

"Kota, waɗannan na jan kwando ne."

"Waɗannan roba ce mai tsabta. Da hannuna na wanke su. Ruwan zafi, omo, ruwan teku, na sake ruwan zafi, na shanya a rana. Ko kwanon da kike cin abinci bai ga wankin da suka gani ba."

"Robar tana shan maganin. Kamar tukunyar ƙasa ce da aka daɗe ana dafa manja a ciki, ko an wanke ta, in ta ji rana sai ta yi gumi. Ruwa zai kwana a ciki ya yini, yara su sha."

"To, an buɗe makaranta," in ji Kota. Ya juya ga samarin. "Ku matso ku ɗauki darasi, yau kyauta ne."

"A huda su kawai, Kota. Don Allah."

"Ke kika ce ƙarfenki ya ɓace. Da me za mu huda, da haƙori?" Ya ɗaga hannu sama ya murza yatsa. Can a ƙololuwar injin ɗaga kaya, Ndombele mai ƙugiya ya ga alamar, sai ƙatuwar ƙugiyar ta fara saukowa tana juyi a hankali. Samarin suka zagaye kwandon suna maƙala igiyoyi a kunnuwansa.

Makiesse ba ta shirya abin da ta yi ba. Ta dai ga hannuwanta a kan matakalar da ke jikin kwandon, ta ga ƙafarta ta tsallake baki, ta ji gorunan roba suna ƙara a ƙarƙashin takalminta. Ta yaye tamfol ɗin, ta share gorunan da ke kan wata ganga a tsakiya, ta zauna. Ta gyara hular kwanonta. Ta ɗora hannuwa a kan gwiwoyinta.

Ƙugiyar ta tsaya cak a sama. A dandamali za ka iya zagin mutum, za ka iya hana shi gaisuwa wata guda, amma ba a ɗaga kaya da mutum a ciki. Wannan ko Kota bai isa ya canja ba.

Oba-obar da ke ƙirjin Kota, rediyon hannun da kowa ke rataye da shi, ta yi ƙara. Muryar Ndombele ce. "Kota, akwai mutum a cikin kaya."

"Na gani. An ce maka makaho ne ni?"

"To ni dai hannuna yana kan cinyata."

Wani dogo daga cikin samarin ya tafa. "Kai jama'a, yau dai Uwar Shara ta gane kwandonta!"

"A'a, kuskure ta yi," in ji na kusa da shi. "Nata ja ne. Ba ka ga tana da haɗari ba?"

"'Yar'uwa, ki riƙe da kyau, a Soyo kilo-kilo ake auna ku!"

Ba ta ɗaga kai ba. Kota ya tsaya yana kallonta, ya tura harshe cikin kunci.

"Ku bar ta," ya ce. "Rana za ta sauko mana da ita. Ku kama na ƙarfe."

Aka ɗaga kwandon ƙarfe, aka ɗaga na kwali. Daga inda take zaune tana ganin kowanne yana tashi sama, ya yi lilo a kan ruwa, ya ɓace ƙasa inda jirgin yake. Rana ta hau. Bangon kwandon ya ɗauki zafi har ba ya taɓuwa, warin omo da yajin da ke ƙarƙashinsa suka taso suka cika mata maƙogwaro. Gumi yana bin bayanta cikin rigar aiki. A oba-obarta tana jin matuƙin jirgi yana tambaya saura nawa, yana cewa igiyar ruwa za ta tashi da la'asar, shi kuwa ba zai tsaya a gindin ƙarfe ta fasa masa jirgi ba.

Wajen azahar ta ji ana buga jikin kwandon da cokali. Ta leƙa. Tia Nsimba ce, mai girkin dandamali, da hular raga a ƙarƙashin hular kwano, riƙe da kwano a rufe da gorar ruwa.

"Ke, karɓi. Tuwon rogo ne da miyar kaza. Ki ci kada ki suma a ciki a ce mu muka kashe ki."

Makiesse ta miƙa hannu ta karɓi ruwan kawai. "Na gode, Tia. Ba a cin abinci kusa da su."

"Ji min yarinya! Ba a ci kusa da su, amma ana zama a kansu kamar kaza a kan ƙwai." Tia Nsimba ta ajiye kwanon a kan wani bututu, ta rage murya. "Gangar nan mai zanen kifi tawa ce. Kin sani?"

"Na yi zato."

"Ta 'yata ce. Cikinta ya tsufa, har yanzu daro take ɗorawa a ka tun daga bakin titi. Tun bara nake jiran layi ya zo kaina."

"Tia, jaririn ma da wannan ruwan za a dama masa koko."

"'Ya'yana shida da shi na dama musu. Ga su nan, babu mai kai biyu."

Makiesse ba ta da wani yaro da za ta nuna ta ce ga abin da ganga ta yi masa. Ta san yaran layinsu masu ƙuraje da ba sa warkewa, ta san masu tarin da ba ya jin magani, amma ai ƙuraje da tari ba sa zuwa da sunan wanda ya aiko su.

"To in kin huda," in ji Tia Nsimba, "wa zai kawo mana ruwan? Ke?"

"Ban sani ba, Tia."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba. Amma ba za su sauka a haka ba."

Tsohuwar ta ɗauki kwanonta. "Taurin kan nan na uwarki Nlandu ne, ba na ubanki ba," ta ce, ta juya ta hau matakala.

Da sharar ta rage saura kore da ja, Kota ya dawo. Wannan karon ba da wasa ya zo ba. Ya sa samari biyu suka hau baki suka zaro gangar da ke kusurwa, mai tauraro, tasa ce. Suka tsayar da ita a fili. Ya jawo tiyo ya zuba ruwa har ya kai rabi, ya ciro kofin ƙarfe da ke rataye a ɗamararsa. Masu aikin walda suka ajiye kayansu, masu fenti suka leƙo daga sama.

"Injiniya ta ce guba ce," ya ce da ƙarfi. "To ku shaida."

Makiesse ta miƙe tsaye. "Kota, kada ka sha!"

Ta riga ta jefa ƙafa ɗaya waje kafin ta lura da dogon saurayin nan. Igiya tana hannunsa, idonsa yana kan ƙafarta, ƙugiya kuma tana daidai bisa kansu. Tana dira ƙasa kwandon zai tashi. Ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki, sannan ta janye ta koma.

Kota ya tsoma kofin, ya ɗaga mata kamar a wurin biki, ya shanye. Ya sake tsomawa ya shanye. Ya goge gashin bakinsa da bayan hannu.

"Na mutu?"

Farfajiya ta ɗauki sowa. Wani ya shiga buga bututu da sifana, wani yana kiran "Kota! Kota!" Makiesse ta ji kamar ta nutse cikin gorunan. Ta cire oba-obarta. Ta danna maɓallin.

"Ɗakin magani, ɗakin magani. Makiesse ce daga farfajiyar kaya. Kota Mavungo ya sha ruwa daga gangar maganin bututu. A zo a duba shi."

Layin kowa da kowa ne. Muryarta ta fito daga ƙirjin kowane mutum da ke tsaye a wurin, ta fito a ɗakin injin, ta fito a ofishin manaja. Sowar ta mutu. Mai buga bututu ya ajiye sifanarsa a hankali.

"Kin kai ni ƙara," in ji Kota. Bai ɗaga murya ba.

"Likita na kira maka."

"Tun ba a haife ki ba nake kan ƙarfen nan, ba a taɓa kiran sunana a wannan layin ba."

"Ai ba ka taɓa shan wannan a gabana ba, Kota."

Ba a jima ba Manaja Kiala ya sauko, malamin asibiti yana biye da shi da jaka. Manajan shi ma daga farfajiya ya fara, a hannun Kota ya koyi ɗaure kaya, shi ya sa bai kalli tsohon ba sam. Ya kalli gangar mai ruwa, ya kalli ƙugiya, ya kalli Makiesse a tsaye cikin gorunan roba.

"Injiniya, sauko mu yi magana."

"Ina ji daga nan, ranka ya daɗe."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Manaja ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Shi ke nan. Kina da gaskiya, ba na kore ba ne. A kwashe su a zuba a ja, jirgi ya tafi. Magana ta ƙare."

Samarin suka kalli juna, dogon har ya fara murmushi. Makiesse ta gani. Ta juya ga manaja.

"A haka? Da alamominsu?"

"Ai sun shiga jan kwando."

"Mai gadin can ba launin kwando yake dubawa ba. Gindin ganga yake dubawa."

Babu wanda ya motsa. Abu ne da kowa ya sani, amma ba a taɓa faɗarsa da rana tsaka a gaban manaja ba. Ƙarar ruwa da ke dukan ƙafafun dandamali ta fito sosai, ta fi ta ɗazu ƙarfi.

"Kin san abin da kike faɗa?" in ji Manaja Kiala.

"Na sani. Kai ma ka sani, ranka ya daɗe." Ta nuna gangunan. "A huda su a nan, ina gani. In ba haka ba sai dai a ɗaga ni tare da su."

Manaja ya juya ya daɗe yana kallon teku. Ruwan ya fara yin fari-fari a nesa.

"Kota," ya ce, har yanzu bai kalle shi ba, "jirgin nan zai tashi kafin igiya. Ka san ba zan iya cewa a'a ga abin da ta ce ba. In kun gama ka bi malam ya duba ka." Ya mayar da tabaransa ya hau sama.

Kota ya tsaya, hannuwansa a ƙugu. Sannan ya ce da dogon saurayin, "Je ka duba ko teku ta dawo da kayan Injiniya."

Yaron ya je bayan tarin bututu, ya tura hannu cikin ɗaya, ya zaro ƙarfen da gudumar. Babu wanda ya yi dariya.

Kota bai bar kowa ya taɓa ba. Ya kifar da tasa, ruwan ya malale a kan ƙarfe, ya ɗora tsinin a kan tauraron.

"Gidan Mavungo," ya ce, ya sauke guduma. Robar ta yi wata ƙara kamar an mari saniya. Ya juya ta ya huda cikin. "Ta gaba."

Aka zaro ta gaba daga gefen Makiesse.

"Gidan Nsimba. Mai ciki." Ya buga. "Gidan Ndombele. Uwarsa makauniya ce, ki sani." Ya buga. Kowacce sai ya kira sunan gidan da mutanen cikinsa, da ƙarfi, yana kallonta, kafin ya sauke guduma. Samarin suna ɗauka suna jefawa a jan kwando. Makiesse ba ta kawar da kai ba. Ta ga tun da ita ta jawo, ya kamata ta ji sunayen duka. Gangunan suka yi ta raguwa a kewayenta, gorunan roba suna zubewa cikin gurabensu, har ya rage saura wadda ta yini a kai.

"Sauko da ita," in ji Kota.

Ta ture ta zuwa baki, samari suka karɓa, sannan ita ma ta sauko. Kota ya kifar da gangar da ƙafa. A gindinta an zana da'ira da layi uku a ciki.

Makiesse ta san alamar kafin ta san harafi. Ita ce a gindin kowane daro da kowace kujera da mahaifiyarta ke kaiwa kasuwar kifi, don kada su ɓace cikin na mutane.

"Nlandu ce ta tare ni a bakin coci," in ji Kota. "Ta ce tata ta tsage. Wadda ubanki ya kawo, wadda kika sha ruwanta kika girma har kika je Luanda kika koyo mana tukunyar manja. Ta ce kada in gaya miki, wai ke mai doka ce." Ya miƙo mata ƙarfen da gudumar. "Wannan ba zan huda ba. Na riga na ce mata to."

Tsohuwar gangar gidansu tana nan a idonta, a bayan madafa, rana ta kwashe shuɗinta ya koma fari-fari, da kofin roba ɗaure da igiya a murfi. Ta tuna sanyin ruwan da asuba. Ta tuna gwiwoyin mahaifiyarta yadda suke ƙara yanzu in za ta tashi daga kujera. Mazan sun kewaye ta suna jira, kuma ta ga a fuskokinsu ba mugunta ba ce kaɗai. Wasu so suke ta bar wannan ɗaya, don su san ita ma mutum ce irinsu, gobe kuma a dawo yadda aka saba.

Ta karɓi ƙarfen. Ta ɗora tsinin a tsakiyar da'irar.

Bugun farko ya zame, gudumar ta kusa kama mata yatsa. Na biyu ya bar ɗan gurbi kawai. Robar tana da kauri, shi ya sa ake son ta. Ta durƙusa ta danne gangar da gwiwa, ta yi ta bugu, hular kwanonta tana zamowa kan ido tana turawa da kafaɗa. Babu wanda ya ce kawo in taya ki. Sai can ƙarfen ya nutse har rabi. Ta zare shi da ƙyar, ta juya gangar, ta sake farawa a ciki.

Da ta gama ta mirgina ta zuwa jan kwando. Bakinsa ya fi ƙarfin tsayinta. Ta ɗaga, gangar ta dawo mata a ƙirji. Ta sake ɗagawa, ta tura da ka da hannu biyu, ta ji ta faɗa kan sauran. Ta ja raga ta ɗaure da kanta, ta duba kowace kusurwa, sannan ta matsa baya ta ɗaga hannu sama ta murza yatsa.

Ƙugiyar ba ta motsa nan da nan ba. Sai da Kota ya ɗan gyaɗa kai tukuna ta sauko.

Malamin asibiti ya taɓa hannun tsohon. Kota ya fizge, amma ya bi shi. Da ya zo daidai ita ya tsaya.

"Ran Lahadi in kin kira uwarki, ke za ki faɗa mata. Ni ba ruwana."

"Yau zan kira ta."

Jirgin ya bar gindin dandamali igiya tana ɗaga hancinsa tana saukewa. Makiesse ta wanke hannu da fuska, ta wuce ƙofar ɗakin cin abinci inda hira ta tsaya da aka hango ta, ta shiga ɗan ɗakin da ake buga waya. Tafin hannunta ya tashi, riƙe wayar ma zafi yake mata. Wayar ta daɗe tana ringi kafin a ɗauka. Ta ji hayaniyar kasuwa, da muryar wata mata tana ciniki.

"Kiesse? Lafiya? Yau ba Lahadi ba ce."

"Lafiya lau, Mama. Gangarki ba za ta zo ba."

Mahaifiyarta ta ce, "Mavungo ne ya faɗa miki? Tsohon nan bakinsa kamar kwando."

"Ni na huda ta."

"Kika me?"

"Na huda ta, Mama. Da ta Tia Nsimba, da ta kowa. Duk wadda za ta biyo baya ma hudawa zan yi."

Ta ji mahaifiyarta ta ce da wata, "Ke dakata, ina magana." Ta ji an ja kujera.

"Da hannunki?"

"Da hannuna."

"Kin san tawa ce?"

"Na ga alamar."

Mama Nlandu ta ja dogon numfashi ta hanci, irin wanda take ja in mai saye ya taya kifi da rainin wayo. "To madalla. Na haifi gwamnati. Yanzu ruwan fa, wa zai ɗebo min? Dokar taki tana da kai da za ta ɗauki daro?"

"In na sauko ni zan ɗauka."

"Ke? Da wannan wuyan naki kamar na kaza?"

"Da shi."

"Zan gani," in ji mahaifiyarta. "Ki ci abinci. Muryarki kamar ba ki ci komai ba yau." Ta kashe wayar.